Mai Dogon Zango

Ruwa bai ɗauke ba tun Talata a Quellón.
Jirage goma sha ɗaya na jiran sikeli,
ni ina ofishin ƙungiyar masunta da rigar sanyi biyu,
sai ga 'yar sanarwa ta leƙo a kusurwar allo:
tallafin wannan manhaja zai ƙare a ƙarshen Afrilu.

Eliseo ne ya ɗora ta, ƙanena,
a daren da wuta ta ɗauke sau uku.
Ya ce, "Yasna, iri biyu suke saki.
Akwai ta wata shida-shida, mai rawar kai,
kafin ki saba da fuskarta an daina yayinta.
Akwai mai dogon zango, shekara biyar cur.
Ita na zaɓar miki, don na san hali,
ko kujera aka gusa sai kin kwana uku kina mita."

Na ce, nawa ne?
Ya yi dariya har da tari.
"Ba wanda ya mallake ta, shi ya sa ta zama ta kowa."

Shekara biyar, in ji su, kuma sun cika.
Shi ne bai kai ba.
Teku ta karɓe shi a ta biyu, can wajen Guafo,
kwamfuta kuwa washegari ta tashi kamar kullum,
ta nemi kalmar sirri.

Duk 'yan kwanaki faci na sauka.
Wani ya hango ɓaraka inda ban san akwai ɗinki ba,
ya dawo daga aikin albashi, ya hana idonsa barci, ya ɗinke.
Akwai sunan da ke yawan fitowa a jerin gyare-gyare,
Terhi wance, haruffa masu ɗigo biyu a ka.
Ban san garinta ba. Ban san ko tana cin kifi ba.
Amma kilo dubu nawa na auna
a kan zaren da ta ja?

Ban ga laifinsu ba.
Sababbi tara sun fito sun wuce ta gabana,
wasu ko shekara ba su rufa ba aka daina gaishe su.
Hannu kaɗan ne, gidaje da yawa,
ba a ta yaɓen tsohon ɗaki har abada.

Don Baldovino ya ɗiga mini ruwan hularsa a kan rasit:
"Bar ta mana, ba tana aiki ba?
Da tsohuwar zuma ake magani."
Na ce, zuma ba ta da ƙofa, don Baldo.
Wannan gida ne da mai gadi zai aje sanda.
Ɓarayi ba za su fasa ƙera mabuɗi ba,
mai sauya kwaɗo ne zai daina zuwa.

Abin da ban gaya masa ba:
sunan mai shiga har yau eliseo ne, da ƙananan baƙaƙe.
Hoton bango karensa ne, kwance kan tulin igiya.
Akwai fayil da ya raɗa wa "kar a taɓa",
ban taɓa ba.

Asabar Ignacia ta iso daga Puerto Montt,
'yarsa, shekara sha tara, da filashi ɗaure a makullinta.
"Goggo, ba a fafe gora ranar tafiya.
Mu kwashe komai tun yau. Karen zai biyo mu,
fayil ɗin ma, ba sai mun buɗe ba."
Ta yage takarda ta manna a gefen akwatin,
ta rubuta sabon wa'adi da jan biro.
"Wannan ta riga ta ci shekara guda. Saura huɗu."

Na ƙirga nawa a yatsu, a ƙarƙashin tebur.

Layin kore na rarrafe a allo.
A waje wani ya matsa oda, kifi ba ya jira.
Ta juyo, irin juyowarsa, kafaɗa kafin wuya:
"Wane suna zan sa?"